Shatin Yatsu a Kafaɗar Suwaiba

Shafi na 14

Masu turo min saƙo cewa na cika jan rai, na ji, na kuma karɓi laifina. Wadda ta san hawayenta a kusa suke, ta jawo gefen mayafinta tun yanzu.

*

Kwana ashirin da uku ke nan rabon Suwaiba da 'yarta Maijidda, kuma ko sau ɗaya lissafin bai taɓa kuɓuce mata ba. Yarinyar tana da wata takwas aka kwance ta daga bayanta a gidan mijinta Mannir da ke Tsafe. Aka ce mai kuturta ba ta ba da nono, aka sa ta a mota ita kaɗai zuwa gidan uwarta a Nahuce. Tun daga ranar, sau uku a yini take zagayawa bayan rumbu ta tatse nonon a ƙasa, ta turo turɓaya da ƙafa ta rufe. Matan unguwa sun yi faɗa har sun gaji, wai ta bari ya ƙafe ta huta. Ita dai ba ta fasa ba.

Yau ga ta zaune a barandar wani ƙaramin asibiti a Gusau, ita da uwarta Iya Delu. Bazarar 1998 ce, ga zafi ga wahalar mai. Sai da suka kusa awa biyu a bakin titin Bungudu kafin wata motar ta tsaya, kuma duk ranar da ta dake ta a tsaye yanzu take biyan bashinta a jiki. Wuyanta da hannayenta ji take kamar an watsa mata garin barkono.

Bencin da suke kai zai ɗauki mutum takwas, amma su biyu ne rak. Mutanen Gusau akwai kara, ba wanda ya ce musu komai. Kawai duk wanda ya zo zama, in ya hangi dabbare-dabbaren da ke bayan hannunta, sai ya tuna ashe tsayuwa ta fi masa daɗi.

Iya Delu dai ba da son ranta aka zo ba. Ita a duniya ba ta taɓa kwana asibiti ba, kuma ta yi imani maganin da take yi wa 'yarta a gida yana gab da ci. Sai da Suwaiba ta ce ko da ƙafa ne za ta tafi ita kaɗai, sannan tsohuwar ta ɗauki jakarta ta biyo ta tana mita.

Aka kira su. Nas ɗin da ke ɗakin wata dattijuwa ce mai tabarau, Sista Lidiya, mutuniyar kudancin Kaduna da ta daɗe a garin har Hausarta ta fara ɗaukar gishirin Zamfara. Ta tura ƙofa, ta ce Suwaiba ta cire mayafi da riga ta ɗaura zani a ƙirji. Ta wanke hannu, ta matso, ta kama damtsenta da tafin hannu haka nan, ba safar roba ba komai.

Nan take hawaye suka zubo wa Suwaiba. In ka cire Iya, fiye da wata guda ke nan ba ɗan Adam ɗin da ya taɓa jikinta.

Sista ta tambayi yadda abin ya fara, Suwaiba ta ba ta labari a gajarce. Farkon bazara ne, lokacin da wanki da shanyar barkono suka sa take wuni a tsakar gida da ɗaurin ƙirji. Ƙananan ƙuraje suka feso mata a wuya da kafaɗu, ga ƙaiƙayi ga raɗaɗi. In ta kwana biyu a ɗaki su lafa, in ta fito su dawo. Daga baya fatar ta tashi ta yi ruwa kamar ƙuna, ta fashe, ta bar baƙin tabo. Surukarta Hajiya Luba ta kira wanzami ya duba, shi kuma daga bakin ƙofa ya leƙa ya yanke hukunci. A ranar aka ware mata kwano da moɗa.

Sista ta yagi auduga ta murza ta yi tsini.

"Rufe idonki. Duk inda kika ji na taɓa, ki nuna min."

Ta taɓa tsakiyar wani tabo a wuya. Suwaiba ta zabura ta kai hannu.

Ta taɓa na kafaɗa, ta taɓa na bayan hannu. Ko'ina sai ta ja jiki tana cije leɓe.

"Da zafi?"

"Kamar wuta, Sista."

"To gode wa Allah da wannan wutar. Inda kuturta ta kama mutuwa yake yi, ko allura aka soka mai shi ba ya ji. Ke kuwa auduga ma ta gagare ki."

Suwaiba ta buɗe ido tana kallonta, ta kasa gane ko kunnenta ne.

Sista ta ɗan sassauta bakin zanin ta nuna wa Iya. Daga inda ɗaurin ƙirji ya tsaya zuwa ƙasa, fata lafiya lau, sumul. Ta ture awarwaron da ke hannun Suwaiba, ƙarƙashinsa ma zobe guda na lafiyayyar fata. Ta ce su faɗa mata wace irin kuturta ce ta san inda zani ya tsaya har take jin kunyar wucewa. Ta yi musu bayani a hankali cewa akwai mutanen da jikinsu ba ya shiri da rana, duk inda ta daka sai ya yi bore, kuma ga dukkan alamu Suwaiba tana cikinsu. Ba a ɗauka a kwano, ba a ɗauka a nono.

Iya Delu ta ɗaga hannu sama tana hamdala.

Da a nan maganar ta tsaya, da sun fita suna dariya. Amma Sista ta zagaya bayan Suwaiba, ta gyara tabarau. A kan kafaɗar dama, ta baya, akwai tabon da ya fi kowanne baƙi. Shatin yatsu ne guda huɗu a jere, sak kamar wani ya dafa ta da hannu mai tawada. Na ƙarshen gajere ne, ya karkace ya yi waje.

"Wannan fa ba aikin rana kaɗai ba ne. Hannun wa ne?"

Iya ta sauke murya. Ta ce ai wannan tabon shi ya ja musu komai. Shi Hajiya Luba ta fara gani ta ce mutanen ɓoye ne suka dafa yarinyar suka sa mata cutar, har matan Tsafe suka riƙa zuwa leƙen hannun iska.

"Me kuke shafa mata?"

A nan fuskar Iya ta washe, don an zo inda take da abin faɗa. Ta zuge jaka ta fito da ƙullin leda, lemun tsami ne kore shar guda bakwai, na shafin yau da ta taho da shi don kada a yi fashi.

"Na iccen gidana na, Sista. Kullum da hantsi ni ka yanka in matse ga tahin hannuna in shahe ta da shi, in zamnad da ita rana hal shi bushe. Rana ita ka jawo cutar waje. Haka uwata ta yi muna in mun yi ƙazwa."

"Yaushe kika fara?"

Iya ta ce tun yarinyar tana ɗakin mijinta. Da ta ji labarin ƙurajen ta yi tattaki har Tsafe da lemun a jaka, ta shafe ta da hannunta, ta kwana ɗaya ta dawo.

"Shatin yatsun fa, yaushe ya fito?"

Wannan karon Suwaiba ce ta amsa, da wata murya da ita kanta ba ta gane ba.

"Kwana biyu bayan tahiyar Iya."

Sista Lidiya ta cire tabarau ta goge da gefen riga, ta daɗe tana gogewa. Ana ganinta an san tana neman hanyar da za ta faɗi maganar ba tare da ta kayar da tsohuwar ba, kuma babu hanyar. Daga ƙarshe ta ce ruwan lemun tsami in ya zauna a fata rana ta dake shi, ƙona fatar yake yi, ko a jikin mai lafiya, balle jikin da dama ba ya son rana. Kuma duk inda ya taɓa, nan yake barin hotonsa.

"Mama, kawo hannunki na dama."

Iya ba ta motsa ba. Sista ta kama hannun da kanta, ta ɗora a kafaɗar Suwaiba a hankali.

Yatsa ya hau kan yatsa. Ɗan ƙaramin yatsan Iya, wanda taɓarya ta karya tun Suwaiba tana goye ya warke a karkace, ya kwanta daidai kan karkataccen shatin, ba ragi ba ƙari.

Ledar ta suɓuce daga ɗaya hannun. Lemun suka watse a siminti, ɗaya ya gangara ƙarƙashin gado.

Iya Delu ba ta yi kururuwa ba. Ta zame a hankali ta zauna a ƙasa, ta riƙe hannun nata da ɗayan tana kallonsa kamar na wani ne aka ba ta ajiya.

"Ashe ni na raba ki da ɗiyakki."

Suwaiba ta lalubi fushi a zuciyarta, don ta san tana da hakkin yin sa, amma ba ta same shi ba. Abin da ta tuna shi ne ranar da aka sauke ta a Nahuce, yadda kowa ya ja baya, Iya kuwa ta jawo kwanon da mutanen gida suka ware mata ta sa hannu suka ci tare a gaban mutane. Ta tuna kullum da hantsi tana kuka a rana, Iya na zaune gefenta cikin ranar ita ma, tana ce mata ta daure zafin alamar magani na ci ne. Tausayin tsohuwar ya cika ta har ya fi ƙarfin nata ciwon. Ta durƙusa ta ɗago ta.

Sai ta juya ga Sista da tambaya ɗaya da ta kawo ta Gusau.

"Ina iya ba ta nono?"

"Akwai shi har yanzu?"

Suwaiba ta sunkuyar da kai. Gaban zaninta ya riga ya jiƙe.

"Yau ɗin nan ma," in ji Sista.

Likita ya shigo ya duba, ya maimaita gwajin audugar, ya rubuta takarda ya buga hatimi. Aka ba ta man shafawa, aka ce ta riƙa sa riga mai dogon hannu, ta guji fita in rana ta take, ta dawo bayan sati biyu a sake dubawa, lemun tsami kuwa ko a mafarki. Da za su fita Sista ta ɗauko tsohuwar lemarta baƙa daga bayan ƙofa ta miƙa mata, ta ce ta dawo da ita ranar da za ta kawo mata Maijidda ta gani.

*

A tasha Suwaiba ta ce Iya ta koma Nahuce, ita za ta wuce Tsafe. Kowa ya san ba tsari ba ne uwa ta bi 'yarta gidan surukai roƙo, abin kunya ne da za a daɗe ana faɗa. Iya kuwa ta riga ta shiga motar ta zauna.

Motar ta wuce duwatsun Kwatarkwashi. Iya ta cusa hannun damanta cikin mayafi ta ƙi fito da shi. Suwaiba kuwa takardar tana cikin rigarta, hankalinta yana kan abu guda: ko Maijidda za ta gane ta? An ce yaro mantuwa gare shi. Ta riƙa raya yadda za ta zauna a bakin gado ta juya baya ga ƙofa, ta yi mata 'yar waƙar da take mata, ko da farko ta ƙi, ƙamshin jiki zai tuna mata.

Ana kiran la'asar suka yi sallama a gidan.

Abin da ta fara gani kwanonta ne, kife a kan katangar awaki inda aka ajiye shi tun ranar, da ɗigon jan fenti a gindi don kada wani ya yi kuskure. Hajiya Luba na zaune a tabarma ƙarƙashin rumfa da maƙwabta mata biyu. Babu mai tsinken saƙa a hannu, babu mai hira. Suwaiba ta ga haka amma ba ta tsaya tunani a kai ba.

"Tsaya nan inda kike," in ji Hajiya. "Wa yac ce ki komo?"

Suwaiba ta durƙusa daga nesa ta gaishe ta, ta fito da takardar, ta faɗi duk abin da aka ce a asibiti. Hajiya ta ƙi karɓa. Ta ce ita ba ta iya boko ba, idonta take bi, kuma idonta ya ga abin da ya gani. Ta ce gwaggonta da kuturta ta mutu ba yatsa ko ɗaya, ita ta yi jinyarta, ba wanda zai koya mata cutar da takarda. In rana ce, ita ma ai a rana ta tsufa. Kuma rana ba ta da yatsu.

Ba muguwar mace ba ce Hajiya Luba, kada ku zage ta a banza. Tsoro ne ya riƙe ta, kuma jikarta take karewa da iyakar abin da ta sani.

Iya Delu ce ta taka ta wuce inda aka ce a tsaya. Ta ɗago Suwaiba, ta juya ta, ta zame mata wuyan riga a gaban matan har shatin ya bayyana. Sannan ta fito da hannun da ta ɓoye tun Gusau, ta ɗora.

"Ku matso ku duba da kyau. Ga iskan da kuka ta hwaɗi. Ni ta."

Matan biyu suka miƙe suka leƙa. Ɗaya ta kama baki.

"Lemun tsami na, Hajiya, wanda ni kawo gidanga da hannuna kina gani, har kinka ce Allah shi saka. In akwai wadda za a ware ma kwano, ni ta. Ku ba yarinya ɗiyatta."

Hajiya Luba ta daɗe tana kallon karkataccen yatsan. Suwaiba ta zaci za ta yi musu, ko ta yi faɗa. Amma da tsohuwar ta yi magana, muryar ta sauka ƙasa sosai. Ta ce ko da hakan ne, ai nonon da ya kwana ba a ba yaro, balle na kwana ashirin da wani abu, ya riga ya lalace.

"Bai kwana ba, Hajiya. Ko sau guda ban bari ya kwana ba. Sau ukku ni ka tatse shi kullum ina jiran yau."

Hajiya ta dubi gaban rigarta da ya jiƙe har ciki, sai ta kau da kai ta rufe fuska da mayafi.

A lokacin ne Suwaiba ta ji shirun gidan. Tun da suka shigo ba kukan yaro, ba gwaranci. Ta ɗaga ido ga igiyar shanya. Tsummokan Maijidda ne daga wannan bango zuwa wancan, sun fi ashirin, wankin da ya fi ƙarfin yini guda na yaro mai lafiya.

"Hajiya, ina Maijidda?"

Hajiya ta ƙara jan mayafin a fuskarta.

"Hajiya."

Ɗaya daga cikin maƙwabtan ce ta faɗa, tana kallon ƙasa. Tun da aka cire ta daga nono aka sa ta a kunu da madarar akuya, cikinta bai zauna ba. Kwana biyar ke nan tana gudawa, jiya ta daina karɓar komai, maɗigarta ta faɗa. Yau da sassafe Mannir ya ɗauki ƙanwarsa Jummai a babur, yarinyar goye a bayanta, suka nufi asibiti Gusau.

Gusau. Garin da ta baro yanzu da nono cike da ƙirji. Suwaiba ta shiga tuno duk babur ɗin da motarsu ta gifta a hanya, ko akwai mai mace da goyo a baya, ta kasa tuna ko ɗaya. Takardar ta faɗi daga hannunta ba ta sani ba. Ta ja mayafi ta juya ta nufi zaure, Iya na bin ta da lemar Sista.

Taku uku ta yi ta ji ƙarar babur ya tsaya a ƙofar gida. Aka kashe injin.

Ba a yi sallama ba.

Jummai ce ta fara shigowa, ƙura har gira, idanunta jawur. Ta ga Suwaiba ta ja ta tsaya cak.

Suwaiba ba fuskarta ta kalla ba, bayanta ta leƙa.

Babu goyo. Zanen goyon Maijidda yana hannun Jummai, a ninke.